Yadda Ake Tsaron Dutse Mai Aman Wuta

Ka sani, ya mai karatu, dutse mai aman wuta bai cika fashewa ba tare da ya yi gargaɗi ba, domin narkakken dutsen da ke cikinsa, yayin da yake neman mafita, sai ya farfasa duwatsun da suka tare shi, ya kumbura ƙasa, ya kuma saki hayaƙi. Abin da ya auku a dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin a 1991 ya ishe mu misali.

Da farko a kakkafa na'urorin auna girgizar ƙasa a kewayen dutsen, don a gane daga inda girgizar take tasowa da kuma zurfinta; idan aka ga tana yawaita, tana matsowa sama, to al'amari ya kusa. Sa'an nan a riƙa auna kumburin gefen dutsen da hayaƙin farar wuta da yake fitarwa. A nan ne ake bukatar basira, gama a Pinatubo hayaƙin ya tashi daga tan 500 a yini ranar 13 ga Mayu zuwa fiye da tan 5,000 ranar 28 ga watan, daga baya ya ragu kwatsam, abin da marar sani zai ɗauka sauƙi ne ya samu, alhali kuwa masana sun yi zargin mafitar ce ta toshe, iska tana taruwa kamar a tukunyar da aka danne wa murfi.

Bayan haka a bi tsohuwar toka da ke kwance a kwaruruka, a zana taswirar wuraren da bala'in ya taɓa kaiwa, domin inda ya bi a da nan zai sake bi.

Amma duk wannan ilimi ba shi da fa'ida muddin ya tsaya a ofis. A 1985 an riga an zana irin wannan taswira ga dutsen Nebado del Ruwis na Kolombiya, duk da haka ba a kwashe mutanen garin Armero ba, da dutsen ya fashe malalar taɓo ta same su da dare, kimanin mutum 23,000 suka rasu. Saboda haka wajibi ne a kasa gargaɗi daraja-daraja, kamar yadda aka kasa shi biyar a Pinatubo, a zauna da shugabannin ƙauyuka tun ana zaman lafiya, kowa ya san darajar da za a tashi a kanta, da hanyar da zai bi, da inda zai sauka. Da haka aka kwashe dubun dubatar mutane a Pinatubo kafin babbar fashewar ranar 15 ga Yuni.

Wanda kuma toka ta riska a gida, ya rufe hanci da baki da jiƙaƙƙen ƙyalle, ya rufe ruwan shansa, ya share rufin ɗakinsa da zarar ya sami dama, domin galibin waɗanda suka rasu a ranar fashewar Pinatubo rufin ɗaki ne ya faɗa musu, bayan ruwan guguwa ya jiƙa tokar ta yi nauyi.