Amsar Tambaya: Ko LEGO Mai Siffar Fina-finai Ya Dace da Yaro?

Kamfanin LEGO na ƙasar Denmak ya fara fitar da tubalan roba masu siffar fina-finai a 1999 da Star Wars, sannan Harry Potter ya biyo baya a 2001. Irin waɗannan sukan fi tubalan gama-gari tsada, domin kamfanin yana biyan masu fim kuɗin lasisi.

Abin da iyaye za su fara dubawa shi ne shekarun da aka rubuta a jikin kwali. Yaron da bai kai shekara 3 ba, kada a ba shi ƙananan tubala, don yana iya sawa a baki su shaƙe shi. Tubalan LEGO masu girma da ake kira Duplo aka yi domin irinsa. Wasu kuwa na manya ne zalla: jirgin Millennium Falcon na Star Wars da aka fitar a 2017 tubala guda 7,541 ne, ba aikin ɗan firamare ba.

Raunin masu siffar fim shi ne yaro yakan harhaɗa sau ɗaya bisa littafin umarni, ya ajiye a matsayin ado. Gara a bar shi ya wargaza, ya gauraya da tubalan gama-gari, ya gina abin da ransa yake so. Tubalan yau suna haɗuwa da na 1958, don haka ko gwanjo mai tsabta yana yin aiki.