Yadda Za Ka Mayar Da Doguwar Jimlar Turanci Zuwa Japananci

Tambaya: Malam, na ci jarrabawar Japananci ta JLPT a matakin N3, amma duk sanda na fassara doguwar jimlar Turanci, abokina Bajapane kan ce bai gane ba. Ina gizo yake saƙar?

Amsa: Ɗan'uwa, matsalar tana cikin ginin jimla. Turanci kan fara da mai aiki da aikatau, sannan ya jero bayanai a baya. A Japananci kuwa aikatau ne ke rufe jimla, kuma duk bayanin da ke siffanta suna a gabansa yake zuwa, domin harshen ba shi da kalma irin "wanda" ko "wadda". Idan ka dage sai jimla ɗaya ta haifi jimla ɗaya, bayanai za su taru a gaba, mai karatu ya gaji da jira bai san a kan wa ake magana ba.

Da farko ka tantance wa ya yi me, kuma ga wa. Sannan ka raba jimlar gida biyu ko uku, ka bi jerin bayanan yadda marubucin ya kawo su, kana haɗa su da kalmomi irin "sono tame" ko "shikashi".

Na biyu, ka kula da abu marar rai da Turanci ke ɗora wa aiki. Bature zai ce ruwan sama ya hana mu fita. Bajapane ya fi son ya mai da ruwan dalili: "Ame de dekakerarenakatta", wato saboda ruwa ba a samu fita ba. Ka lura ko "mu" bai ambata ba.

Wannan ne ma abu na uku: rage wakilin suna. "Kare" da "kanojo", wato shi da ita, sun yaɗu ne ta hanyar fassarar littattafan Turawa a zamanin Meiji, 1868 zuwa 1912. Yawansu kan tona asirin fassara, kuma a hirar yau da kullum sukan nufi saurayi da budurwa. Ka ambaci sunan mutum ko muƙaminsa, ko ka bar wurin haka nan idan an san wanda ake nufi.

Tun kafin ka fara, zaɓi salo ɗaya: "desu" da "masu" na ladabi ga wasiƙa, "de aru" ga rahoto ko maƙala. Kada ka gauraya su.

Idan ka gama, rufe na Turancin, ka ba abokinka ya karanta na Japanancin shi kaɗai. Duk inda ya tsaya ya koma baya, nan ne za ka gyara.