Darasi na Goma Sha Biyu: Gyaran Tsohon Keke

A ce kakanka ya bar maka tsohon kekensa ƙirar Raleigh. Duk lokacin da ka taka feda sai ka ji ƙara, ƙafar fedar kuma tana girgiza. Matsalar tana cikin ɗan bututun da ke tsakanin fedojin biyu. A cikinsa akwai sandar ƙarfe mai juyawa, da ƙwayoyin boris, da kwanuka biyu masu riƙe su. Kafin ka tafi kasuwar Wuse a Abuja neman sababbi, lura da abubuwa uku.

Na farko, dubi bakin sandar. A tsofaffin kekuna bakin a zagaye yake, an shafe gefe ɗaya. Wata ƙusa mai noti, wadda ake kira kota, ita ce take ɗaure ƙafar feda a kansa. Sandunan da suka zo daga baya bakinsu mai kusurwa huɗu ne. Ƙafar feda mai kota ba za ta zauna a kan irinsu ba.

Na biyu, auna tsawon sandar da faɗin bututun. Faɗin da aka fi sani shi ne milimita 68, amma na wasu tsofaffin Raleigh ya kai 71 ko 76. Idan sandar ta gajarta, faifan sarƙa zai goge jikin keke. Idan ta yi tsawo, sarƙa za ta karkace.

Na uku, dubi zare, wato layukan da aka sassaƙa a jikin kwano domin a murɗa shi. Yawancin kekuna suna da layuka 24 a kowane inci. Tsofaffin Raleigh da aka ƙera a Nottingham ta ƙasar Ingila suna da 26. Ido ba ya saurin ganin wannan bambanci. Kwanon zai fara shiga, sa'an nan ya cije. Idan ka tilasta masa da sifana, zaren bututun zai lalace, kuma gyaransa yana da wuya ƙwarai.

Saboda haka, ɗauki tsohuwar sandar da kwanukanta ka tafi da su kasuwa. Gai da mai kaya da ladabi, ka ce: "Malam, irin wannan nake nema." Jera tsoho da sabo ka gwada. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Sababbin Kalmomi
girgiza, sassaƙa, murɗa, karkace, cije, tilasta

Tambayoyi
1. Mene ne aikin kota?
2. Me zai faru idan sandar ta gajarta?
3. Don me bai kamata a tilasta wa kwanon da ya cije ba?
4. Rubuta gajeriyar hira tsakaninka da mai sayar da kayan keke.