Darasi na Goma Sha Bakwai: Takunkumin Fuska a Unguwar Ulaya Bayan Janye Doka

Ulaya unguwa ce a tsakiyar birnin Riyad, hedkwatar ƙasar Saudiyya. Nan ne cibiyar kasuwanci da bankuna da manyan otal-otal, kuma nan ne aka gina dogayen benayen nan biyu da ake gane birnin da su tun daga nesa, wato Hasumiyar Faisaliyya, wadda aka buɗe a shekarar 2000, da Hasumiyar Mamlaka, mai tsawon mita 302, wadda aka kammala a 2002. Manyan hanyoyi biyu, Titin Sarki Fahad da Titin Ulaya, sun ratsa unguwar kafaɗa da kafaɗa daga kudu zuwa arewa. Duk safiya dubban ma'aikata ne suke kwarara cikinta, 'yan ƙasa da baƙi: Indiyawa, Misirawa, mutanen Filifin, Sudanawa, har da Hausawa. Wasu daga Hausawan nan sababbin zuwa ne daga Nijeriya da Nijar, wasu kuwa jikokin alhazai ne da suka taka sahara da ƙafa suka zauna a Makka da Madina da Jidda tun kaka da kakanni, suna amsa laƙabin Hausawi. Usama Hausawi, kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, wanda ya daɗe yana buga wa kulob ɗin Hilal na Riyad, yana ɗaya daga cikin sanannunsu.

Ranar Litinin 13 ga watan Yuni, 2022, Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Saudiyya ta ba da sanarwar cewa sanya takunkumin fuska a rufaffun wurare ya daina zama tilas. An ware Masallacin Harami na Makka da Masallacin Annabi na Madina, da wuraren da hukumar kiwon lafiyar jama'a ta yi wa ƙa'ida ta musamman, aka kuma bar wa masu kamfanoni da masu shirya taro damar su ci gaba da neman a sa idan sun ga dama. Daga wannan rana abin da ya shekara biyu yana hannun hukuma ya koma hannun mutum: ya cire, ko ya ci gaba da sawa?

Kafin a shiga amsar, ya kamata ɗalibi ya tsaya a kan kalmar kanta. Asalin takunkumi shi ne abin da ake ɗaure wa dabba a baki don kada ta ci abin da ba a so ko ta yi cizo. Manomi yakan sa wa jakinsa idan za su ratsa gonar wani, gardi kuma yakan sa wa kurarsa kafin ya shiga kasuwa da ita. Daga baya 'yan jarida suka ari kalmar suka ba ta ma'anar siyasa, aka riƙa jin "an ƙaƙaba wa Iraƙi takunkumin tattalin arziki". Da annobar korona ta zo a 2020, sai kalmar ta sami ma'ana ta uku. Wasu ba su so ta ba, suna ganin ɗan Adam ya wuce a sa masa abin jaki, don haka suka gwammace su ce "ƙyallen rufe baki da hanci". Amma bakin jama'a ya fi son gajeriyar kalma, takunkumi ya yi rinjaye. Abin sha'awa shi ne Larabci ma haka ya yi: kammama, kalmar da mutumin Riyad yake amfani da ita, tana nufin abin da ake ɗaure wa raƙumi a baki. Harsunan biyu duka sun ɗauki abin a matsayin ƙaƙabawa daga waje, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa mutane da yawa suka yar da shi ranar da aka ɗage doka.

Ba a ce rufe baki baƙon abu ne ga Bahaushe ba. Sarki yakan ja amawali, wato ɓangaren rawani da yake rufe baki da haɓa, kuma a nan rufewar alama ce ta girma. Buzaye sun fi kowa riƙo da wannan al'ada. A lokacin hunturu ma, idan hazo ya sauko, direban a-daidaita-sahu a Kano yakan ɗaura hankici a hanci ba tare da wani ya umarce shi ba. Abin da ya zama sabo a 2020 shi ne doka da tara.

Dokar Saudiyya kuwa ta yi tsanani. An sami mutum na farko mai ɗauke da cutar a Ƙatif, gabashin ƙasar, ranar 2 ga Maris, 2020, amma tun ranar 27 ga Fabrairu an riga an hana baƙi shigowa Umara. A watan Afrilu aka sa wa Riyad dokar hana fita dare da rana, titunan Ulaya suka yi tsit. A ƙarshen Mayu aka wajabta takunkumi, aka yanka tarar riyal 1,000 ga wanda ya ƙi, tare da ninka ta ga wanda ya sake. Ga babban ma'aikacin banki wannan ba wani abin tashin hankali ba ne, amma ga mai shara ko direban gida kuɗin yana iya cinye albashin wata guda. Aka kuma fito da manhajar waya mai suna Tawakkalna, ma'ana "mun dogara", wadda mutum zai nuna a ƙofar kanti ko ofis kafin a bar shi ya shiga. Aikin Hajji, wanda ya tara kusan mutum miliyan biyu da rabi a 2019, ya koma na mutane ƙalilan mazauna ƙasar a 2020, sannan aka ƙayyade shi a 60,000 a 2021. Sassautawar ma ba ta tafi a miƙe ba. Ranar 17 ga Oktoba, 2021, aka ɗage dokar a sararin waje, sai nau'in Omikron ya ɓullo, aka mayar da ita ranar 30 ga Disamba, sannan aka sake ɗagewa ranar 5 ga Maris, 2022. Mutumin da aka ce wa ya cire, aka dawo aka ce ya mayar, ba za a ga laifinsa ba idan ya yi jinkirin gaskata sanarwa ta uku.

Akwai kuma dalilin da ya sa Saudiyya ta fi wasu ƙasashe saurin firgita. A 2012 wani likita Bamisire, Ali Muhammad Zaki, ya gano wata sabuwar ƙwayar cuta a jikin wani majinyaci a Jidda. Ita ce aka sa wa suna MERS, 'yar'uwar korona ce, kuma daga raƙuma take tsallakowa zuwa ga mutane. Ba ta yaɗuwa da sauri, sai dai tana kashe kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar sun kamu. Ta yi ɓarna a asibitocin Jidda a 2014, ta yi a Riyad a 2015, kuma har yau ba ta ɓace ba. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

To, shin takunkumin yana hana kamuwa? A nan ne maganar take buƙatar natsuwa, domin tambayoyi biyu ne ake cakuɗawa. Ta farko ita ce ko abin yana tace iska. Wannan babu gardama a kansa: nau'in N95, idan ya zauna daram a fuska, yana tare aƙalla kashi 95 cikin ɗari na ƙananan ɓurɓushin da aka gwada shi da su, na likitoci mai shuɗin launi yana biye, amma iska tana zurarewa ta gefensa, na yadi shi ne na baya. Tambaya ta biyu ita ce ko umartar jama'a su sa yana rage cuta a gari, kuma amsarta ba ta fito sarai haka ba. Wani babban bincike da aka yi a ƙauyuka 600 na Bangaladesh, aka bayyana sakamakonsa a 2021, ya nuna cewa da masu sawa suka ƙaru daga kashi 13 zuwa kashi 42 cikin ɗari, cutar ta ragu da kimanin kashi ɗaya cikin goma, kuma raguwar ta fi yawa a tsakanin tsofaffi. A watan Janairu na 2023 cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje da dama ta ce ba a ga wani bambanci mai yawa ba. Masu ƙin takunkumi suka yi ta shela, har sai da babbar editar cibiyar ta fito a watan Maris ta ce an yi wa rahoton gurguwar fahimta: abin da ya nuna shi ne hujjar ba ta kammala ba.

Gwajin da ya fi kusa da Bahaushe an yi shi ne a Mina, a Hajjin 2013 da 2014 da 2015. An raba alhazai fiye da 7,000 gida biyu bisa tantunansu, aka ba kashi ɗaya takunkumi, aka bar ɗayan. Ba a ga bambancin a-zo-a-gani ba wajen kamuwa da mura da tari. Amma da aka duba, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne kawai na waɗanda aka ba suka riƙa sawa kullum, wasu kuma daga waɗanda ba a ba su ba sun sayi nasu sun sa. Gwajin ya fi ba da labarin halin alhazai cikin zafin Mina fiye da labarin takunkumi. Akwai ma wata matsala ta fiƙihu da ta shigo ciki. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancin Hausawa suke bi, namiji mai harami ba ya rufe kansa ko fuskarsa, alhali Shafi'iyya sun yarda ya rufe fuska. Mace kuwa ba ta sa niƙabi cikin harami. Malamai da dama sun yi sassauci saboda lalura, duk da haka alhajin Katsina ko na Maraɗi yana iya jin nauyin abin a zuciyarsa fiye da abokin tantinsa na Indunisiya.

Idan aka dawo Ulaya, za a ga cewa birnin yana da wani dalili na rufe hanci wanda bai shafi annoba ba ko kaɗan. Riyad tana tsakiyar hamadar Najad, kuma daga Maris zuwa Mayu guguwar ƙura takan taso ta rufe gari. Ranar 17 ga Mayu, 2022, wata uku bai cika ba ma da ɗage dokar waje, ƙura ta turnuƙe har Hasumiyar Mamlaka ta ɓace wa wanda yake tsaye kusa da ita, kuma an ba da rahoton cewa fiye da mutum 1,200 sun je asibitocin birnin saboda sarƙewar numfashi. Mai ciwon asma a irin wannan rana ba ya jiran sanarwar ma'aikata. Sannan tun Disamba 2024 jirgin ƙasa na cikin gari ya fara aiki, kuma layinsa mai shuɗin launi yana bi ta ƙarƙashin Titin Ulaya zuwa Baɗha, unguwar da ƙananan ma'aikata baƙi suka fi yawa. Birnin da kowa ya saba zama shi kaɗai cikin motarsa ya fara sanin cunkoson tarago, inda numfashin mutum ɗari yake gauraya a wuri guda.

Masu cewa a cire su ma suna da hujja mai nauyi, kuma kuskure ne a ɗauke su a matsayin masu taurin kai kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin ta-ɓaci a kan cutar ranar 5 ga Mayu, 2023, bayan yawancin mutane sun sami rigakafi ko sun kamu sun warke. Fuska kuma rabin magana ce. Kurma yana karanta leɓe, yaro yana koyon furuci ta kallon bakin babba, mai sayarwa yana jawo mai saye da fara'a. Ɗalibin Hausa ma ya san wannan, domin yana da wuya ya kama yadda Bakano yake furta harafin f da leɓɓansa biyu, ko yadda ake zumɓura baki a kalmar kwana, idan bakin malami yana rufe. Akwai kuma wani abu da ya fi waɗannan ɗaci. Bayan an ɗage doka, a garuruwa da yawa na duniya, an daɗe ana ganin mai kawo abinci da mai goge tebur da takunkumi, masu cin abincin kuwa fuska a buɗe. Idan dalilin tsabtar abinci ne, to babu laifi. Idan kuwa abin ya zama alamar da ke raba mai hidima da wanda ake yi wa, to ya koma ma'anarsa ta asali, ta abin da mai iko yake ɗaure wa wanda ba shi da ta cewa.

Abin da hujjoji suka fi goyon baya shi ne a daina tambayar ko a sa ko a cire gaba ɗaya, a koma tambayar wa, a ina, kuma yaushe. Saurayi lafiyayye da yake tafiya a gefen Titin Sarki Fahad da yamma ba ya samun wata riba da rufe fuska. Dattijo mai ciwon sukari, cutar da ta yi katutu a Saudiyya, idan zai zauna awa guda a ɗakin jiran likita cikin watan Janairu, yana da kyakkyawan dalilin sa N95, ba na yadi ba. Wanda ya fi kowa cancantar sawa shi ne mai mura da tari da ya ga dole ya fita aiki, domin takunkumi yana tare abin da yake fita daga bakinsa kafin ya kai ga na kusa da shi. Mutanen Japan sun daɗe da wannan ɗabi'a tun kafin korona, shi ya sa da gwamnatinsu ta bar wa kowa zaɓi ranar 13 ga Maris, 2023, da yawa ba su cire nan take ba. A Ulaya da Kano kuwa ɗabi'ar ba ta kafu sosai ba tukuna. Ma'aikacin da ya shigo ofis fuska a rufe yakan sha tambaya, "Malam, lafiya dai ko?", wanda kuma ya shigo yana atishawa a fili babu mai ce masa uffan.