Yadda Ake Ɗaura wa Gida Jiniyar Tsaro da Makullin Lamba

Duk wanda ya ratsa titunan Narayi a yau, tun daga inda unguwar ta haɗa iyaka da Barnawa har cikin lungunanta, zai ga katangu sun yi tsawo, an kafa musu fasassun kwalabe ko wayar ƙaya, tagogi duka da ƙarfe, ƙofofi kuma aikin walda ne. A 'yan shekarun nan an sami ƙarin abu biyu, watau jiniyar da ke kuka idan an taɓa ƙofa da dare, da makullin da ake buɗewa da lamba ko da zanen yatsa. Masu sayen waɗannan kaya suna da yawa, amma masu cin moriyarsu kaɗan ne, kuma dalilin haka, a ganina, bai wuce cewa galibi suna fara aikin daga ƙarshensa ba, su ɗaura makulli mai tsada a jikin ƙofar da kafaɗar ƙato ɗaya za ta iya ɓallewa, ko su kafa jiniya ba su tanadi wanda zai amsa kukanta ba.

Tsare dukiya da kulle ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihu, a babin sata, sun sharɗanta cewa sai an ɗauki abu daga hirzinsa, watau ma'ajin da al'ada ta yarda ana adana irinsa a ciki, kafin haddi ya hau kan wanda ya ɗauka. Wannan kuwa yana nuna cewa shari'a da kanta ta ɗora wa mai kaya wani kaso na nauyin kiyaye kayansa, kuma riƙo da sababi bai kore tawakkali ba. Kakanninmu sun yi nasu da ƙyaure da sakata da kubar maƙera, da samarin da ke kwana a zaure, da kare a tsakar gida, birane irin su Zariya da Kano kuma ana rufe ƙofofin ganuwarsu da dare. Ko makullin da ba ya bukatar ɗan mabuɗi ma ya daɗe a duniya, domin shehin malamin nan na ilmin injuna, al-Jazari, wanda ya yi wa sarakunan Diyarbakir hidima, ya siffanta a littafinsa na shekarar 1206 wani makullin akwati da ba ya buɗuwa sai an juya faya-fayai huɗu, kowanne an tsayar da shi a kan haruffan da mai akwatin ya ɓoye a zuciyarsa.

Ita ƙararrawar lantarki kuwa a Amurka aka fara ta. Wani mutum da ake kira Augustus Pope ya sami takardar mallakar ƙirƙirarta a 1853: waya da batir da ƙararrawa, da zarar an buɗe ƙofa ko taga sai wuta ta zagaya, ƙararrawa ta ɗauka. Edwin Holmes ya sayi haƙƙin a 1857, ya fara sayarwa a Boston, sa'an nan ya koma New York, daga baya kuma ya gane abin da ya kamata kowane maigida ya gane, cewa ƙara a cikin gidan da ba kowa ba ta hana sata, saboda haka sai ya ja wayoyin gidaje zuwa ofishi guda inda masu gadi ke zaune dare da rana. Makullin kati na otel-otel ya fito daga hannun Tor Sørnes na ƙasar Norwe a tsakiyar shekarun 1970. Amma abin da ya sa waɗannan kaya suka yi mana amfani a nan shi ne shigowar wayar salula Nijeriya a 2001, domin daga nan ne jiniya ta sami hanyar kiran maigida ko yana kasuwa ko yana wani gari.

To, aiki na farko ba na mai lantarki ba ne, na mai walda ne da magini. Sai maigida ya zagaya gidansa da rana tsaka yana dubansa da idon mai neman shiga: ƙofar baya ta wajen madafa, wadda galibi ita ce mafi rauni, da tagar bayan gida, da bishiyar mangwaron da reshenta ya hau katanga, da silin, tun da ɓarayi sun daɗe da sanin cewa ɗaga kwano ɗaya ya fi fasa ƙofar ƙarfe sauƙi. Sai a duba gimshiƙin ƙofa, a tabbata an dasa ƙafafunsa cikin kankare, ba a cikin bulo mai rami ba, a duba maratayan ƙofar kada ƙusoshinsu su kasance a waje inda za a iya zare su. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma babu wata na'ura da za ta toshe tsagar da magini ya bari.

Bayan wannan sai maganar wuta, wadda ita ce ginshiƙin al'amarin duka a ƙasarmu, ko da yake takardun da ke zuwa cikin kwalayen kayan ba su cika damuwa da ita ba, domin an rubuta su ne saboda ƙasashen da ba a ɗauke wuta. Uwar na'urar, watau akwatin da dukkan sauran kayan ke kai wa rahoto, tana aiki ne da batir mai ƙarfin bolt 12, wanda wutar gida ke yi wa caji. Idan aka ɗauke wuta zai riƙe ta na wasu sa'o'i, amma ba zai kai ta kwana biyu ko uku ba, alhali kuwa daren da unguwa ta yi duhu ƙirin, janaretoci suna ruri ta kowace kusurwa har ba a jin motsin kowa, shi ne daren da ɓarawo ya fi so. Saboda haka wajibi ne a haɗa ta da inbata in akwai, in babu a saya mata ɗan faifan sola da batir nata na kanta, kada a haɗa ta da fanka ko talabijin da za su shanye mata caji. A sa mata kuma abin kariya daga haukan wuta, domin tsawar damina da dawowar wuta da ƙarfi suna ƙona irin waɗannan kaya fiye da yadda ɓarayi ke lalata su. Wurin ajiye ta ya zama ɓoyayye, cikin ɗakin maigida ko bayan kabad, ba a falo kusa da ƙofa ba.

Daga nan sai a bi ƙofofi da tagogi ana ɗaura musu 'yan na'urorin maganaɗisu. Kowace ɗaya gida biyu ce, kowane bai fi tsawon ɗan yatsa ba. A cikin ɗayan akwai maganaɗisu kawai, shi ake mannawa a jikin ƙyauren. A cikin ɗayan kuwa akwai wata 'yar siririyar kwalba mai ɗauke da zaren ƙarfe biyu da suka kusa taɓa juna, shi ake kafawa a gimshiƙi. Muddin ƙofa tana rufe, maganaɗisun yana haɗe bakin zarurrukan nan, wuta tana wucewa. Da an tura ƙofa ya yi nisa, sai su rabu, wuta ta yanke, uwar na'ura ta sani nan take. Hikimar wannan tsari ita ce ko wayar ɓarawo ya datse, hukuncin ɗaya ne da buɗe ƙofar. Sharaɗinsa shi ne tazarar da ke tsakanin gidajen biyu kada ta wuce kamar santimita ɗaya, kuma a ƙofar ƙarfe, irin wadda ta fi yawa a Narayi, sai an sa ɗan katako ko roba a ƙarƙashinsu, domin ƙarfe yana janye ƙarfin maganaɗisu. Ƙofar katako kuma tana kumbura da damina ta motse da rani, don haka mai hankali yakan sake duba tazarar idan yanayi ya juya.

Na'urar da ke gane motsi ita ce mai wuyar sha'ani, domin ba gani take yi ba, zafin jikin mutum take ji yayin da ya gifta. Ana kafa ta a kusurwar falo ko ta baranda, sama da mita biyu kaɗan daga ƙasa, ta yadda mai shigowa zai ratsa ta gabanta ne a gicciye, tun da ta fi saurin kama mai giftawa a kan wanda ya nufo ta kai tsaye. Kada ta fuskanci tagar da rana ke dukanta, ko murhu, ko bayan firji, ko labulen da iska ke kaɗawa. Tsaka da gizo-gizo ma sukan bi ta kan fuskarta su tayar da gida da tsakar dare. Ina jaddada wannan ƙwarai, saboda jiniyar da ta yi kukan ƙarya sau uku ta zubar da mutuncinta, ranar da za ta yi na gaskiya kowa gyara kwanciya zai yi.

Jiniya biyu ake so, ƙarama a ciki don tashin mutanen gida, babba a waje can ƙarƙashin kwano inda hannu ba ya kaiwa sai da tsani, wayarta kuma a binne cikin bango ko a cusa ta a bututu. Sa'an nan a saka wa uwar na'ura layin waya na kamfanin da ya fi ƙarfi a wannan gidan, a shigar mata da lambobin da za ta kira bi da bi, a riƙa zuba wa layin kuɗi ana amfani da shi lokaci-lokaci, domin layin da aka daɗe ba a taɓa ba rufe shi ake yi. A ba ta jinkirin kamar daƙiƙa talatin a babbar ƙofa, yadda mai gida zai shiga ya kashe ta kafin ta fasa unguwa.

Sai a wannan gaɓa ake zuwa kan makulli. Iri biyu ne a kasuwa, kuma bambancinsu ba ƙarami ba ne. Akwai na maganaɗisu, wanda ake gani a bankuna da ofisoshi, wanda wuta ce ke riƙe da shi, da ta yanke sai ya saki ƙofa; wannan ban yarda a sa shi a ƙofar gida ba faufau. Akwai kuma mai sakata, wanda ke aiki da ƙananan batura huɗu ko takwas, ya zauna a kulle ko da sun mutu, kuma ana iya buɗe shi ta ciki da hannu a kowane hali, abin da yake sharaɗi ne saboda gobara a gidan da tagoginsa duka ƙarfe ne. Shi za a saya, kuma a zaɓi mai ramin mabuɗi na ko-ta-kwana. Ma'aikaci zai auna kaurin ƙofa da nisan ramin tsohon makulli daga baki, ya huda inda ya kamata, ya zura sakatar, ya ratsa da wayar makullin daga fuskar waje zuwa ta ciki ba tare da ya matse ta ba, ya ɗaure, sa'an nan ya gwada sau da yawa ƙofa tana buɗe kafin a kuskura a rufe ta. Idan sakatar tana gogar raminta, a gyara ramin, domin ɗan injin da ke tura ta ba shi da ƙarfin hannun mutum, batir zai riƙa ci har ya gaji.

Da an gama sai a share lambar da makullin ya zo da ita daga masana'anta, wadda duk mai sayar da irinsa ya sani, maigida ya sa tasa da hannunsa bayan ma'aikaci ya juya baya. Kada ta zama shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar waya. A ba mai aiki ko baƙo lamba dabam wadda za a iya gogewa ranar da ya tafi, kuma wannan ita ce babbar falalar makullin nan a kan kwaɗo, tun da ba sai an sake makulli ba. Wajen ɗaukar zanen yatsa za ka ji ma'aikaci yana cewa, "Baba, a ɗaga, a sake ɗorawa, Mama, a kawo ɗaya hannun," kuma gaskiyarsa ne, domin hunturu yana busar da fata har ta tsattsage, yatsan tsofaffi da na masu yawan wanki yakan shafe, jiƙaƙƙen hannu kuma na'urar ba ta cika karɓarsa ba, saboda haka kowa a ɗaukar masa yatsu biyu ko uku. Mabuɗin ko-ta-kwana a ajiye shi a wajen gidan, wurin amintaccen ɗan'uwa. Batura a sa masu kyau, a canja su da zarar makullin ya fara gargaɗi.

Abin da ya saura shi ne wanda ba a sayarwa a shago. Maigida ya taka da ƙafarsa ya sallama wa maƙwabtansa na dama da na hagu da na baya, ko masallaci suke zuwa ko coci, ya shaida musu cewa ya kafa jiniya, ya nemi izinin sa lambar mutum ɗaya ko biyu a cikinta, ya kai maganar ga mai unguwa da shugaban 'yan sintirin layin, a yi ittifaƙi a kan abin da kowa zai yi idan ta yi kuka: a kunna fitilun waje, a busa usur, a kira 'yan sanda, kada wani ya fito shi kaɗai ya tari mai makami. Haƙƙin maƙwabtaka ne kuma a saita ta yadda za ta yi shiru da kanta bayan 'yan mintoci, saboda marasa lafiya da jarirai.

Daga ƙarshe sai gwaji, a gaban maƙwabtan nan da aka sanar. A kashe wutar gidan gaba ɗaya daga babban makunni, a kunna na'ura, a bi ƙofofi da tagogi ana buɗewa ɗaya bayan ɗaya, a gifta ta gaban mai gane motsi, a jira a ga ko wayoyin da aka sa sun yi ƙara, wani kuma ya tsaya a ƙarshen layi ya faɗi ko yana jin jiniyar. A maimaita wannan gwaji kowane wata. Kai kuma mai karatu, kada ka biya ma'aikaci cikon kuɗinsa sai ka ga duk wannan da idonka, wuta a kashe.