Jirgi marar matuƙi zai kawo magani, amma ba zai ɗauko mai naƙuda ba

Mata masu zuwa awo sun sha tambayata: "Malama, wannan ɗan jirgin da ke jefo kwali, ba na sojoji ba ne?" Ban ga laifinsu ba. Duk wanda ya ji abin da jirgin sojoji ya yi a Tudun Biri a Disambar 2023, dole gabansa ya faɗi in ya ji ƙugi a sama. To, wannan daban ne. Batir yake amfani da shi, kuma kayan asibiti kaɗai yake ɗauka.

A Ruwanda kamfanin Zipline ya fara wannan aiki a 2016, yana kai jini asibitocin da ke cikin tsaunuka. Gana ta bi sahu a 2019, sannan jihar Kaduna ta shiga a 2022, daga tashar da aka kafa a Pambeguwa. Ma'aikaciya za ta tura saƙo ta waya, a haɗa kaya a harba jirgin. Gudunsa ya kai kilomita 100 a awa, kuma ba ya sauka. Yana zuwa saitin asibiti zai saki jan kwali mai 'yar lema, ya juya ya koma. Abin da yake ɗauka bai kai kilo 2 ba.

Kilo biyun nan, ni da na yi shekaru a ɗakin haihuwa na san darajarsu. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu jego, kuma yana iya gamawa da mace cikin awa biyu. Allurar oksitosin da ke sa mahaifa ta tsuke tana son sanyi. In ta daɗe a zafi, ga wuta babu, ƙarfinta raguwa yake yi. Sai ki yi allura, ki ɗora hannu a mara, ki ji mahaifa laɓa-laɓa, zani na ta jiƙewa. A irin wannan lokaci, a ce ga sabon magani ya iso da sanyinsa alhali damina ta cinye hanya, wallahi ba ƙaramin abu ba ne. Haka maganin saran maciji, da allurar cizon mahaukacin kare, waɗanda ƙaramin asibiti ba ya iya ajiyewa saboda tsada.

Sai dai jirgin nan asibiti yake zuwa, ba ɗakin uwargida ba. Matar da ta kwana tana naƙuda ana jiran maigida ya dawo ya ba da izini, ana ta jiƙe-jiƙe, sai da idonta ya yi fari aka nemi babur, ita jirgi bai rage mata komai ba. Jinin ma ba a kanti ake saro shi ba, daga jikin mutane yake fitowa, kuma sai an gwada rukuninsa, sai da wanda ya iya ƙarin jini. Ina ganin hukumomi sun fi son ɗaukar hoto da jirgi fiye da ɗaukar ma'aikata, amma wannan zance ne na wata rana.

Maigida, tun ciki na wata bakwai ka bar izini da kuɗin mota, ka riƙe lambar direban da zai fito ko da tsakar dare ne. Ku san rukunin jininta, ku san ɗan'uwan da zai iya bayarwa. Da ganin jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, ko jijjiga, a kama hanya.

Masu unguwanni kuma a ja kunnen yara: ban da jifa, ban da danƙo, ban da rububi a filin da ake jefo kaya. In iska ta kai kwali gonar wani, kada a buɗe, kada a bar shi a rana. A kawo shi asibiti nan take, a miƙa wa ma'aikacin da ke bakin aiki.