Ƙofar akurki mai aiki da sola: batir ne abin kula

Masu kiwon kaji da ke son a haɗa musu ƙofar akurki mai buɗe kanta da rufe kanta, tambayarsu ta farko ita ce faifan sola mai wat nawa za su saya. A wurinmu masu haɗa sola, wannan ce tambayar da ta fi sauƙin amsa. Sau biyu ƙofar ke motsi, da sassafe idan kaji za su fita, da kuma bayan magariba idan sun shige, kuma a duka lokutan faifan ba ya ba da wutar kirki. Batir ne ke ɗaga ƙofar, shi ke sauke ta. Daren da ya kasa saukewa kuwa, muzuru da tunku ba za su jira gari ya waye a gyara ba.

A yi lissafi a gani. A ce injin ƙofar mai bolt 12 ne, yana jan amfiya ɗaya, buɗewa da rufewa duka minti ɗaya ne a yini. Wutar da ya sha ba ta taka kara ta karya ba. Amma ƙaramar na'urar da ke duba agogo ko hasken gari ba ta barci. Idan tana jan miliamfiya 20 dare da rana, a awa 24 ta sha kusan ninki talatin na abin da injin ya sha. Wato zaman jira ne ke cinye wutar, don haka shi ya kamata mai saye ya tambaya kafin ya biya kuɗi. Batir mai bolt 12 da Ah 7, irin na cikin UPS ɗin kwamfuta, ba a son a zuƙe fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko, kuma wannan rabin zai riƙe irin wannan ƙofar kimanin mako guda ba tare da caji ba. Faifai mai wat 10 ya ishe shi.

Wani zai ce ai rana ba ta yanke mana a ƙasar nan, ina amfanin tanadin mako guda? Ya manta da hadarin watan Agusta, da hazon hunturu da ke dusashe rana ya kuma lulluɓe gilashi da ƙura, ga kashin tsuntsaye da ƙurar dusa da ba sa rabuwa da gidan kaji. Yalwar ranar ma da nata sharrin. Zafi ke kashe batir mai dalma: bayan digiri 25, duk ƙarin kusan digiri 10 yana rage rabin kwanansa. A Kano ko Sakkwato, inda zafin Afrilu ke haura 40, wanda ya rataye batir a ƙarƙashin kwanon akurki ya dafa shi da hannunsa. Faifai a sama yana kallon kudu, ya ɗan karkata don ruwa ya wanke shi. Batir a ƙasa cikin inuwa, a akwatin da iska ke shiga amma ɓera ba zai kai ga waya ba.

Akwai masu cewa kwanturolar caji ɓarnar kuɗi ce ga ƙaramin faifai, a haɗa kai tsaye kawai. Faifan da ake kira na bolt 12 yana iya haura bolt 20 da tsakar rana, kuma batir a rufe idan ya sha caji fiye da kima sai ya bushe ya kumbura. Kwanturola ce ke tsayar da caji idan ya cika, ta yanke wuta kafin ya zube ƙasa warwas. A sa fiyus kusa da kan batir, domin akurki cike yake da busasshiyar ɗiɗɗigar katako.

Masu son jawo waya daga inbatar gida su ma su sake tunani. Inbata ko ba ta ɗauke da komai tana shan wutar da ta ninka ta ƙofar sau da yawa, kuma daren da firji da fanka suka ƙarar da batirin gida, ƙofar kaji ta tsaya ke nan. Gara ta samu nata ɗan batirin, a riƙa goge faifan duk mako, a auna batirin da asuba kafin rana ta fito. Idan mita ta nuna ƙasa da bolt 12.2, a nemi dalili a ranar.